Ni da Kawu a Hanyar Lis

Kawuna mai gyaran keke ne a unguwar Sa'alaba, cikin Jidda. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma tun ina ƙarami nake ganinsa a ƙofar shagonsa, zaune kan tsohuwar taya, hannunsa baƙi ƙirin da man kaca. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haife ni. Hausarsa ta fi tawa nauyi, don ni idan zance ya yi tsawo sai Larabci ya ƙwace mini baki.

Ni gyaran mukayyif nake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma da sanyi ya shigo aikinmu yakan kwanta. Wata la'asar na biya shagonsa na tarar yana ɗaura wa wasu kekuna biyu kariyar ɗaukar kaya a baya.

"Ya waladi, ɗana, ka nemi hutun kwana biyar," in ji shi. "Lis za mu je."

"A motar wa, Kawu?"

Ya ɗaga haɓa ya nuna kekunan. Na yi dariya, shi bai yi ba. A lokacin ya haura sittin.

Mahaifinsa, wato kakana, da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa. Ya yi shekaru a Sudan yana ƙwadago kafin ya tsallako teku a jirgin katako. Ba a tashar Jidda aka sauke su ba, a wata gaɓa ce kusa da garin Lis, can kudu da mu, daga nan suka tako zuwa Makka. Kawu ya ce sau biyu yana wuce wajen a mota, bai ga komai ba sai kwalta. Yana so ya bi hanyar a hankali ya ga abin da tsohon ya gani.

Mahaifiyata ta ce duk cikinmu babu mai hankali, amma ita ta ƙulla mana dabino da yaji a leda.

Mun fita bayan sallar asuba. Sai da muka yi wajen awa biyu muna kauce wa manyan motoci kafin gidaje su ƙare. Daga nan ƙasa ta buɗe, fili shimfiɗe, gishiri-gishiri, teku tana ɓullowa ta hannun dama tana ɓacewa. Iska daga arewa take busowa a wannan gaɓa, don haka a bayanmu take, tana tura mu. Kawu ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Ni da na fi shi ƙuruciya nakan wuce shi da gudu, can gaba ya tarar da ni a gindin allon hanya ina haki.

"Yalla, mu je," kawai yake cewa ya wuce.

A wani shingen jami'ai aka karɓi iƙamarmu, wato katin izinin zama. Jami'in ya duba katin, ya dubi furfurar Kawu, ya dubi kekunan. Da ya ji inda za mu, sai ya shiga ɗakinsu ya fito mana da ruwan sanyi gora biyu, ya ce mu riƙa bin gefen titi sosai.

Rana ta biyu ce ta fi mini daɗi. Muka saki babban titi muka bi wata ƙaramar hanya da ta gangara bakin ruwa. Raƙuma na kiwo ba makiyayi, fararen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna tsaye a ruwa marar zurfi. Da hantsi muka isa wani sansanin masunta, rumfuna biyar ko shida da kwalekwale a kife. Wani a cikinsu yana fama da baro mai sacewar taya. Kawu bai tambayi kowa ba, ya jingine kekensa, ya ciro faci da famfo. Kafin ya gama an ɗora tukunya. Muka ci shinkafa da kifin da aka kamo da safen nan, muna zaune a tabarma, ƙafafunmu cikin rairayi. Na fito da yajin mahaifiyata, masuntan suka ɗanɗana, ɗaya ya yi ta tari, sauran suna masa dariya, ya kuma sake miƙo hannu.

Cinyoyina sun yi tsami, sirdin keken ya hana ni zama daidai, amma ban tuna ranar da na ci abinci da daɗi haka ba.

A rana ta uku da azahar muka isa gaɓar Lis. A nan Kawu ya fara tambaya. Matasa ba su san zancen ba. Aka haɗa mu da wani dattijo mai ɗinkin raga a inuwar wani kwalekwale. Ya saurari Kawu har ƙarshe, allurarsa ba ta tsaya ba.

"Takaru," ya ce, sunan da ake kiran mutanenmu da shi a nan. "Mahaifina ya sha ba mu labarinsu. Amma ba wuri ɗaya ake sauke su ba. Duk inda mai jirgi ya samu lungu cikin itatuwan nan na bakin ruwa, nan ne tasha."

Ya nuna da hannu, kudu da arewa. Gaɓar duk iri ɗaya ce, laka da gajerun itatuwa har iya ganin ido. Na saci kallon Kawu, ina tsoron ransa ya ɓaci bayan wahalar kwana uku. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tuɓe takalmi ya shiga har gwiwa, ya tsaya, ya karanta wa mahaifinsa addu'a. Da ya fito ya ce, "Halas, shi ke nan. Ko nan ne ko can, wannan lakar ya taka."

Dattijon ya ƙara da cewa wanda ya sauka daga teku ruwan sha yake fara nema, don haka wani kwari da ke gangarowa daga duwatsu suke nufa. Ya ce an yi ruwa a duwatsu kwanakin baya, rafin yana gudu.

Washegari muka juya wa teku baya muka bi kwarin. Ni ɗan birni ne, ban taɓa ganin ruwa yana gudu a ƙasa da kansa ba sai ambaliyar titi. Wannan kuwa garau yake, bai wuce idon sawu ba, yana bin tsakuwa. A gefensa ga goruba, ga gonaki ƙanana da aka kewaye da tudun ƙasa. Sau uku muka tsallake shi muna tura kekuna. A tsallakawa ta uku ƙaya ta fasa mini tayoyin duka biyu.

Muna zaune Kawu yana faci, na ɗaga kai na ga wata shuka doguwa, kanta kamar kyandir.

"Kawu, wannan mece ce?"

Ya duba, ya ajiye tayar, ya tashi ya murza kan shukar a tafin hannu. Ƙwayoyi suka zubo.

"Gero ne," ya ce. "Wallahi gero ne."

Duk kunun da muka sha a gidanmu, duk furar da mata ke sayarwa a unguwa, ni da shi babu wanda ya taɓa ganin gero a tsaye. A buhu muka san shi.

Mai gonar ya fito daga cikin karan, wani baƙin Balarabe siriri, da lauje a hannu. Kawu ya ba shi haƙuri a kan zangarniyar da ya murza, ya kuma faɗa masa abin da ya kawo mu. Mutumin ya zauna a kan tudun. Ya ce a zamanin kakansa Takaru sukan tsaya a kwarin nan lokacin girbi, su yi mako biyu ko uku suna yanka, a ba su hatsin guzuri su wuce. Ya ce kakarsa ta riƙe kalma ɗaya daga bakinsu, takan faɗa wa duk wanda ya dawo daga gona a gajiye.

"Wace kalma?" in ji Kawu.

Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Sannu."

Kawu ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatunsa. Sai ya ce a ba shi lauje. Mai gonar ya ƙi, ya ce baƙo ba ya aiki, Kawu ya nace. Haka muka yini muna yankan gero. Ba mu iya ba. Ni na yanke yatsa, Kawu kuma yana yankowa da kara mai tsawo, mai gonar yana bin bayansa yana gyarawa. Da rana ta yi zafi muka zauna a bakin rafin, muka tsoma ƙafa, aka kawo mana gurasar gero mai zafi da man shanu da shayi.

Komawa da keke ba za ta yiwu ba, don iskar da ta kawo mu za ta zama a gabanmu, hutuna kuma ya ƙare. Maƙwabcin mai gonar zai kai kankana kasuwar Jidda da safe, sai ya ce mu hau. Muka ɗaure kekunan a kan kayan, muka matsu a gaba mu uku. Hanyar da ta ci mana kwana uku, kafin azahar mun gama ta. Kawu ya yi barci tun kafin mu hau babban titi, kansa a kafaɗata, direban ya rage muryar rediyo.

Ya sauke mu a bakin Sa'alaba, ya ƙara mana da kankana biyu. Muka ɗora su a kariya muka tura kekunan zuwa gida da ƙafa, domin a ranar ko kusa da sirdi ba na son zuwa.