Ranar da Ƙafa Ya Bar Farfesoshi a Baya

Duk wanda ya taɓa wuni a ginin mulki na jami'ar nan ya ga Ƙafa, ko dai in ce ya ga ƙeyarsa, don ba kasafai ake samun ganin fuskarsa ba. Masinja ne a ofishin Rajistara, dogo siriri, wuyansa kullum a gaba kamar mai leƙen katanga. Tun yana saurayi aka ɗauke shi aiki, kuma bai yi wata ba aka laƙaba masa sunan, saboda kafin a gama gaya masa inda za shi ya riga ya sauka daga bene. Sai an leƙa ta taga an ƙwala masa kira: “Kai Ƙafa, dawo mana, ai ba ka ɗauki saƙon ba!”

Zama dai ba ya cikin jininsa. Kujerar da aka ajiye masa a bakin ƙofa kyanwar ofis ce ta gaje ta. Shayi a tsaye yake sha. Matarsa takan ce ita ba ta san tsawon mijinta a zaune ba.

Da wannan saurin ya riƙe gidansu bayan rasuwar iyayensu. Ƙaramar ƙanwarsa, wadda har yau kowa ke ce wa Auta, a hannunsa ta tashi. Idan an tashi makaranta nan ofis take zuwa, ta zauna a ƙarƙashin bene tana aikin gida, shi kuma duk wucewar da zai yi sai ya dungure mata kai ya ce ta gyara zama. Daga ƙarƙashin benen nan ta shiga jami'a, ta fita waje ƙaro karatu, ta dawo tana koyar da ilimin ƙasar noma a wannan jami'a.

To, abin mamaki, wannan mutum da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya shi ne mai ɗaukar sandar jami'a. Sanda ce ta baƙin katako mai kan azurfa, da wasu zobba a wuyanta, nauyinta ya kai na yaron goye. Duk ranar babban taro ita ke shiga gaba, malamai su biyo ta a jere cikin manyan riguna. Tsawonsa aka gani aka ba shi, kuma aikin yana da dokoki. Mai sanda ba ya magana, ba ya gaisuwa, ba ya waiwaye ko da bayansa ya kama da wuta. Da zarar sandar ta shiga zaure kowa zai miƙe, kuma ba a ajiye ta sai Shugaban jami'a ya tsaya a gaban kujerarsa. Uwa uba, takun mai sanda shi ne takun kowa. Shekara da shekaru Ƙafa yana danne ƙafafunsa a irin wannan rana, yana tafiya kamar mai taka ƙwai, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa.

Da farko kofin shayi ne ke ƙara a kan faranti. Ya koma ɗaukar fayil a hammata, hannun kuma ya cusa shi aljihu. Ana cikin haka aka ɗaga Auta zuwa farfesa, aka sa ranar laccar da kowane sabon farfesa ke gabatarwa a gaban jama'a. Ranar da labari ya fito, ofis-ofis ya bi yana karɓar barka kamar shi aka ƙara wa girma. Amma da ya koma gida sai tsoro ya kama shi. Idan Rajistara ta lura da hannun nan, wani za a ba sanda, wani can daban ne zai shigar da Auta zaure.

Ya samo wani tsohon bututun ƙarfe da masu gyaran famfo suka yar, ya riƙa saɓa shi yana kai da komo a tsakar gida kafin ya fita aiki. Matarsa tana shanya tana kallonsa.

“Baban yara, wai gadi aka mayar da kai ne ba mu sani ba?”

“Ke dai yi shanyarki.”

“Ai ina yi. Amma wannan bututu rawa yake, ko idona ne?”

“Idonki ne.”

“To Allah ya ba idona lafiya. Ka je asibiti, ka ji? Ko ka gaya wa Auta.”

“Na gaya mata me? Yarinya na fama da laccarta, sai na ɗora mata hannuna?”

Abin da ya gano a tsakar gidan shi ne, hannun yakan yi biyayya na ɗan lokaci, sannan ya ɓalle. Tafiyar kuwa daga ɗakin sa riguna zuwa babban zaure doguwa ce: a bi baranda, a zagaya bayan ɗakin karatu, a hau matakala. Ya yi ta auna ta a ransa. Yana cin abinci yana aunawa, ana yi masa magana yana aunawa. A ƙarshe ya ce wa kansa ɗan ƙarin sauri kaɗan ba zai kashe kowa ba.

Ranar taro da safe ɗakin sa riguna ya cika da hayaniya, wannan na neman hularsa, wancan rigarsa ta ƙi rufe tumbi. Auta ta ratso ta same shi a bakin ƙofa yana ta sauya ƙafa, farar safar hannu a hannuwansa.

“Yaya, ka karya kuwa?”

“Na karya. Gyara hularki, ta karkace.”

“Yau ma sai ka yi mini faɗa? Farfesa ce fa a gabanka.”

“Farfesar ƙarƙashin bene ba. Wuce ki shiga layi.”

Aka miƙa masa sanda, ya saɓa ta a kafaɗa, aka tashi. A baranda lafiya lau. Suna karya kwanar ɗakin karatu ya ji ɗan tsam a wuyan hannunsa, sai ya ƙara taku kaɗan. Ya ji ya sake motsawa, ya ƙara. To ka san ƙafar da ta saba, ƙofa kawai take jira a buɗe mata. Shi a ransa yana tafiyar girma ne, alhali masu shara da ke gefe sun ga masinja ne kawai ya ɗauko saƙon gaggawa. Ya haye matakala, masu gadi suka wangale ƙofa, mai gabatarwa ya ce jama'a su miƙe, zaure ya miƙe ɗungurungum.

Sai da ya kai tsakiyar zaure ya lura ba ya jin ƙarar takalma a bayansa, babu tari, babu shassheƙar tsofaffi. Mutane kuma ba shi suke kallo ba, ƙofa suke kallo. A layin gaba ya hango matarsa ta toshe baki da gefen mayafi.

Waiwaye babu hali. Komawa babu hali. Ya hau dandamali ya tsaya inda ya saba tsayawa, shi kaɗai, ga kujeru jere babu kowa. Ajiye sanda kuma ba dama, tunda Shugaba bai iso ba. Nan hannun ya ce ga ni. Zobban azurfa suka fara kaɗawa, siririyar ƙara, amma makirufo na kusa, sai ta bazu ko'ina. Wani ɗalibi ya yi dariya a baya aka yi masa tsawa. Ƙafa ya sa hannun hagu ya damƙe wuyan na dama, ya matse sandar da kuncinsa har azurfar ta yi masa shaida. Gumi ya bi ta cikin kunnensa. Gwiwoyinsa suna roƙonsa ya taka ko da nan da can ne, ya hana su. Bai taɓa sanin tsayuwa na da tsawo haka ba.

Can sai ga su, layi ya wargaje, riguna na jan ƙasa. Wani tsohon farfesan tarihi ya wuce ta gabansa yana haki, ya ce ƙasa-ƙasa, “Ƙafa, gobara ake yi ne?” Auta ce ta zo daf da ƙarshe. Ba ta kalli fuskarsa ba, hannun ta kalla, ta ɗan rage tafiya, sannan ta wuce. Shugaba ya tsaya a gaban kujerarsa. Ƙafa ya kwantar da sanda a mazauninta, ba ta faɗi ba.

Laccar ta yi kyau, in ji waɗanda suka saurara. Shi bai ji ko kalma ɗaya ba.

Washegari bai jira a kira shi ba. Ya shiga ofishin Rajistara ya tsaya, ya fito da hannun daga aljihu ya nuna mata.

“Ranki ya daɗe, ga mai laifin.”

Ta cire tabarau ta dube shi. “Ƙafa, ni kake kawo wa shayi kullum. Kana tsammani kurma ce ni? Na ƙyale ka ne saboda ƙanwarka. Amma ban ce ka sa dattawa tsere ba.”

“A yi haƙuri.”

“An yi. Sandar dai ka gama da ita, ka san haka ko?”

“Na sani.”

Ya ajiye makullin akwatin sandar a kan teburinta, yatsunsa suka ɗan daɗe a kansa kafin ya janye. Da ya fito sai ya tarar da motar Auta a gindin bene, ta buɗe ƙofar gaba tana jira.

“Shiga, Yaya. Asibiti za mu.”

“Ina da saƙonni, kuma ai nan da asibiti ba nisa, da ƙafa ma…”

“Yaya.”

Ya dubi sama wajen tagar ofis, ya dubi hanya, ya sosa ƙeya. Sannan ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga.