Madubin Ɗan Teku

Muna sallame sallar asuba muka bar gida a unguwar Mamobi ta birnin Akara, ni da babbar 'yata, wadda ke sayar da atamfa a kasuwar Nima. Masu koko ba su gama hura wuta ba, kwatar da ta raba unguwannin biyu kuwa tana ta tururi kamar an dafa wani abu a cikinta da dare. Sekondi muka nufa, sayen madubin hangen taurari.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗoriya ni ne nake hawa benen wani attajirin goro ranar ashirin da tara ga Sha'aban in duba jinjirin wata. Ni ne shaidar farko, shaida na biyu kuwa yatsana yake bi. Idan na ce na gani, liman ya kai magana gaba, unguwa ta tashi sahur. To, bara wani tela ya riga ni. Ya nuna, jama'a suka juyo suna dubana, na ɗaga kai ban ga kome ba sai dishi-dishi, domin yanar ido ta fara sauko mini, ban gaya wa kowa ba. Na ce, "Na gani." Watan ya tsaya da gaske, ba a ci zarafin azumin kowa ba, amma ni na san abin da na yi. Saboda haka da wani direba mai kai albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa yammacin ƙasar ya ba ni labarin wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da ke son rabuwa da madubinsa, sai na shaida wa mutane cewa taurari nake so in riƙa kallo a tsakar gida, kamar yadda mahaifina ya koya mini sunayensu. Rabin gaskiya ke nan. Kwana tara suka rage Sha'aban ya kai ashirin da tara.

Turoturo, ƙaramar motar haya, ta kai mu tashar Kaneshi. Yaron motar ya dubi 'yata ya ce, "Hajiya, ka matsa, Papa zai zauna." Na haɗiye abin da ya zo bakina, a Hausar Zango mace da namiji duk "ka" ne, kuma na gaji da gyara. Kuɗin mota ya ninka abin da na biya a tafiyata ta ƙarshe, kujera kuwa ta rage faɗi. Muka ratsa Kasowa, garin da kakanninmu suka raɗa wa suna Kasuwa, harshen mutanen ƙasa ya lanƙwasa shi. Daga nan hanya ta zama rami bisa rami, direba yana kauce wa wani yana faɗa wa wani. A mararrabar Winneba mata suka yanyame tagogi da abarba da soyayyen kifi. Kusa da Cape Coast muka sayi dokunun mutanen Fanti, tuwon masara mai tsami wanda ake naɗewa a busasshen ganyen ayaba. Tsaminsa ya fi na Akara, amma da barkono da kifi ba a raina shi.

Wani abu na lura da shi a hanya, ban ba shi ma'ana ba sai daga baya. 'Yata ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ba ta yi shiru ba. "Baba, ga kwale-kwale can an jera su a bakin ruwa, an yi musu fenti ja da shuɗi." "Baba, ga tsohon gidan Turawan nan fari a kan dutse." Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina cewa ai na gani.

La'asar ta yi sanyi muka isa Sekondi. Muka yi salla a Zangon garin, muka tambayi gidan Ɗan Teku, domin da wannan laƙabi aka san shi. Duk wanda muka tambaya sai ya nuna tudu da haɓa, ba mai cewa zo in raka ku. Gidan na katako ne, mai hawa biyu, gishirin teku ya cinye fentinsa, tagoginsa duk a rufe sai guda ɗaya mai fuskantar gabas. A gindin tudun wata Bafantiya tana yin bandar kifi. 'Yata ta gaishe ta da harshensu, suka ɗan zanta, ta dawo fuskarta ba walwala.

Ta ce, "Wai ba a taɓa ganin an kunna fitila a gidan ba. Kullum bayan isha'i yana zaune a tagar can, idonsa a cikin abin, yana magana shi kaɗai. Yara ba sa bi ta ƙarƙashinta."

Na ce mata maganar mutane ce, muka hau.

Ya tarye mu a bakin matakala, dogo, siriri, ya girme ni da shekara goma ko fiye. Hausarsa ta ba ni mamaki, irin ta mutanen da ce, ba gauraye. Ya shiga gabanmu cikin duhun ɗakin bai yi tuntuɓe da kome ba, ni kuwa sai da 'yata ta riƙe mini hannun riga. Ya ce shekara ashirin da biyar ya yi yana dafa abinci a jirgin ruwa, a wata tashar ƙasar sanyi ya sayi madubin da ladan wata huɗu. Ga shi nan tsaye a bakin taga: bututun ƙarfe fari, ya ɗara taɓarya tsawo, a kan ƙafa uku. Na shafa daɓen katakon da tafin ƙafata, na ji ƙafafun sun ci ramuka uku saboda daɗewa a wuri guda.

Na tambaye shi me ya sa zai rabu da shi.

Ya ce, "Alhaji, kaya ba a sayar da shi sai mai saye ya gani. Ka kwana. Bayan isha'i tauraron Zuhal zai fito."

Muka yi magariba da isha'i a nan, bai kunna fitila ba, mu kuma kunya ta hana mu roƙa. Ba a jin kome sai teku tana bugun duwatsu a ƙasa, da katakon gidan yana ƙara kamar wani yana tafiya a ɗakin da ke kusa. Can ya tashi ya zauna a kujerarsa, ya kama bututun ya juya shi a hankali, ya sa ido a ƙaramin gilashin da ke gindinsa. Sai muryarsa ta sauya, ta yi laushi, kamar mai yi wa jariri magana.

"Ga shi nan. Launinsa kamar man shanu. Zobensa siriri ne ƙwarai, kamar allura ta huda dutsen wuya. Ga ɗan watansa can a gefe, ba ya rabuwa da shi."

Ina tsaye bai fi kamu biyu da shi ba, zuciyata cike da murna, sai na ji numfashin 'yata a kunnena.

"Baba, murfin yana kai. Bai buɗe bakin madubin ba."

Na miƙa hannu a ɓoye na taɓa bakin bututun: murfin ƙarfe ne, a rufe gam, da ƙura a kansa. Mutumin nan makaho ne. Dare nawa ya yi yana kallon cikin baƙin bututu yana zance da abin da ke ciki, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya fi girgiza ni kuwa shi ne, ni ma da nake tsaye a gefensa ban ga murfin ba sai da aka gaya mini.

Ya tashi ya ce in zauna. 'Yata ta ce bari ta share gilashin, ta zare murfin ba tare da ya yi ƙara ba, ta daɗe tana lalube har ta kamo tauraron. Na sa ido, na murɗa ɗan maɓallin da ke gefe. Ban taɓa tsammanin idon nan nawa zai sake ganin wani abu tangaran haka ba. Yana rataye cikin baƙi ƙirin, ba igiya, ba ginshiƙi, shiru, kamar ido marar fatar ƙiftawa yana dubana. Na yi tasbihi. Amma zoben ba siriri ba ne. A buɗe yake, mai faɗi.

Daga bayana ya ce, "Yaya ka gan shi?"

Da sauƙi in ce kamar yadda ka faɗa, kuma bakina ya riga ya saba da irin wannan amsa. Ban san abin da ya hana ni ba. Na ce, "Malam, zoben ya buɗe. Ya yi faɗi kamar bakin malafa."

Sai ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"Ashe ya buɗe. Kafin ya buɗe haka sai ya ɗauki shekara shida ko bakwai. Ba wanda ya gaya mini. Wa zai gaya mini, tun da ban taɓa tambaya ba?"

Ba mu yi ciniki ba. Abin da na miƙa masa ya sa a aljihu. Gargaɗi biyu ya yi mini: kada in kuskura in fuskantar da shi ga rana, kuma in sani duk abin da madubin nan ya nuna a kife yake nuna shi, sama a ƙasa, ƙasa a sama. Da safe da muke saukowa na waiwaya, 'yata ta ce yana zaune a tagar, a kujerarsa, fuskarsa a gabas, ramukan uku a gabansa ba kome a kai.

Komowa ta fi zuwa wahala. Mun naɗe bututun a tabarma, a wani shingen sojoji aka ce bindiga ce, aka sauke mu. Na yi bayani ba a saurara ba, sai da wani kofur ya kafa shi a bakin hanya ya leƙa. Ya yi tsalle da baya yana salati irin na addininsu: ya ga masu tallan ayaba can nesa suna tafiya ƙafafu a sama, kaya na rataye a ƙarƙashinsu bai zube ba. 'Yan'uwansa suka yi layi suna leƙawa suna dariya, aka sallame mu. Ni ban yi dariya sosai ba.

Ranar ashirin da tara muka hau benen attajirin goro tun kafin rana ta faɗi. Labarin madubin ya zaga Nima da Mamobi har Kotobabi, saboda haka jama'a ta fi ta kowace shekara, rufin kwanon gidaje duk kawuna. Damina ta fara, akwai gizagizai, amma yamma ta ɗan washe. Manzon liman yana tsaye a bayana. Rana ta faɗi. Na sa ido, ina kai bututun dama ina kai shi hagu, ba kome sai toka-toka. Na san inda ya kamata watan ya tsaya, shekara talatin na san wurin. Ana ta kiran magariba daga masallaci zuwa masallaci, manzon liman yana cewa, "Alhaji, yaya?"

Sai na gan shi. Siriri, fari, ƙahonninsa biyu a sama kamar ƙwarya an ajiye ta a tari ruwa, daidai yadda na saba ganinsa tun ina saurayi. Na buɗe baki zan yi kabbara, sai na tuna masu tallan ayaba. Madubin nan ba ya nuna kome a tsaye. Watan da nake gani ba daga sama ya zo ba. Hannuna ya kai bakin bututun da kansa yana neman murfi, kuma na rantse na ji ƙarar teku a tsakiyar Mamobi.

Na ɗago kai na ce, yadda kowa zai ji, "Ban gani ba. Bara ma ban gani ba. Idona ya tafi, ku nemi wani."

Wani ya yi tari. Sai na ji muryar 'yata a hankali: "Ga shi can, bisa bishiyar mangwaron nan, kaɗan ta hagu." Telan bara ya bi yatsanta ya gani, wani mahauci ya gani, suka yi kabbara, manzon liman ya sauka da gudu da shaidu biyu. Ita kuwa ta zo ta juya bututun, ya yi nisa da inda na kafa shi, ta ce in duba. Ga shi nan, a kife, kamar ƙwarya bayan an gama wanke-wanke, yana rawa cikin iska. Bai kai wanda na gani da farko kyau ba. Amma shi ne watan.

A hanyar gida na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce, "Tun ranar da ka gaida tufafin da Innarmu ta shanya a igiya da 'barka da yamma', Baba."

Abin da tafiyar nan ta koya mini bai da yawa. Hanyar yamma ta lalace, wanda zai bi ta ya tafi da guzuri da haƙuri. Madubi yana kawo nesa kusa, amma ba ya mayar wa mutum idonsa, kuma makanta mafi muni ita ce wadda mai ita yake ba da shaida a cikinta. Yanzu madubin yana tsakar gida, kusa da randa. Bayan tarawihi maƙwabta sukan shigo su ga Zuhal da zobensa, su fita suna tasbihi, ni kuma in na sami wuri in zauna in ɗauki rabona tun ana iya ɗauka. Na riga na yi wa 'yata wasiyya guda: duk daren da ta ji ina siffanta tauraro, ta zo ta duba murfin, kuma kada ta ji nauyina.