Kapitan Lawali, mai sa wa tabkinmu alama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kapitan ya rasu.

Da safen nan ina kan hanyar Gaffati da fasinja a bayan kabu-kabuna, waya ta dame ni a aljihu. Na tsaya, ashe Inna ce. Ta ce, "Sani, juyo gida, kakanka ya cika." Na sauke fasinjan nan take, na juya moton gida.

Yanzu muka dawo daga kai shi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Lawali ne na Kara-Kara, mahaifin Innata, tsohon nan da nake yawan sa muku fotonsa yana harara ta. Ni na laƙa masa Kapitan don tsokana, unguwa ta ɗauka. Shi kuma matalo yake ce mini, wai yaron jirgi mai wanke daɓe.

Kun san jika da kaka. Na taɓa kai masa kwaɗo a cikin buta na ce ga abokin aikinka ya zo gaisuwa. Ya leƙa, ya ce, "A'a, wannan danginku ne, dubi bakin."

Nakan ce masa, mutumin Damagaram, garin da ake bin ɗan garuwa da lallashi, wai shi ne ya yi ƙuruciya a teku! To ya yi ɗin. A Kwatano ya yi aiki, a wani jirgi da suke kira balizar. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa ya sa wa teku alama: wasu manyan tuluna na ƙarfe masu fitila a ka, suna yawo a saman ruwa, sarƙa ta ɗaure su da dutsen siminti a ƙasa. Ja a gefe ɗaya, kore a ɗayan, manyan jirage su bi tsakani kada su hau yashi.

Ya ƙera ɗan ƙaramin irin jirgin da gwangwanin tumatir da na sardin, yana nan a zaure. Duk baƙon da ya zauna sai an nuna masa. Ɗakin matuƙi can baya, gaba fili ne fetal don a kwantar da tulun a kankare shi a yi masa fenti. A tsakiya ƙarfe mai dogon wuya da ƙugiya, shi ke tsamo tulun. Gefen jirgin gajere ne don kada a sha wahalar jawowa, ƙasansa kuma shimfiɗaɗɗe, saboda shi ne ke shiga inda sauran jirage ke gudu. Wai Turawa suka ƙera shi tun ba a haifi Kapitan ba, da kwal yake tafiya. A zamaninsu aka sa masa injin gazuwal, tsohon bututun hayaƙin ya koma wurin shanya wanduna. Da jirgin ya tsufa aka yanka shi ƙarafa, Kapitan ya ɗaure kayansa ya dawo gida.

Na haddace bayanin nan kamar allona na fari. In ya fara sai in riga shi, ya jefe ni da takalmi.

Amma ku ƴan unguwa kun san abin da ya yi mana. Tabkin bayan unguwa, da rani masu bulo suna haƙa ramuka a ciki, wani ramin sai ya shanye mutum a tsaye. Damina ta zo ruwa ya rufe, ko'ina ya zama ɗaya. Yara su shiga wanka. Shekarar da ɗan maƙwabtanmu ya tafi a irin ramin nan, Kapitan bai yi dogon zance ba. Ya tara bidunan mai, jarkokin nan, ya shafa musu fenti, ya ɗaure su da duwatsu tun tabkin yana bushe. Ja a kan rami, kore inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Tun daga nan kowace shekara haka. Yaron da bai iya Fatiha ba ma ya san ba a zuwa kusa da jan bido.

Farkon da ya sa mu ɗauri, ni da abokaina muka tamke su gajere-gajere, yadda muka saba ɗaure akuya a turke. Ruwa ya hau ya haɗiye su, ko ɗaya ba a gani. Ya sa muka nutse muka kwance. Yana tsaye a baki yana cewa, "Ba akuya ba ce, matalo. Ruwan zai ƙaru. Sakar mata igiya."

Makon jiya na goya shi a moto muka zaga cikin tabkin tun bai yi ruwa ba, don ƙafa ta daina kai shi nesa. Ya yi nauyin yaro a bayana. Na ce, "Kapitan, in ka tafi ni zan gaji matarka Iya da jirgin."

Ya ce, "Jirgin dai. Matata ta ce ba ta son mai warin isansin moto."

Sai ya dafa kafaɗata na tsaya. Masu bulo sun haƙa sabon rami daidai gangaren da yara ke shiga. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Wannan ja biyu za ka sa masa."

Za ka sa, ya ce. A lokacin ban lura ba.

An yi ruwa jiya wajen Damagaram Takaya, yau ma ga hadari a gabas. Bidunan suna zaure, rabi ba fenti, ko ɗaya ba a ɗaure ba. Da muka dawo daga maƙabarta na taɓa zancen, Kawu Habu ya ce ba a tashi daga zaman makoki a tafi wasa da gwangwani, a bari a yi sadakar bakwai. Ban ja da shi ba, babba ne. Muna nan zaune sai ga yarinya daga cikin gida da gwangwanin jan fenti. Ta ce Iya ta ce a ba mijinta ƙarami, masu zama sun isa.

Kawu ya kalli gwangwanin. Ya ce akwai igiya a shagonsa.

Gobe bayan sallar asuba muna tabki. Na san kowane rami, ya nuna mini. Ƴan kabu-kabun tasharmu, mai bido ya kawo, mai igiya ya kawo, kuma doguwa. Iyaye, ku riƙe yaranku har ku ga ja da kore a kan ruwa.

Allah Ya jiƙan Malam Lawali, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare ƴaƴan mutane daga rami, Allah Ka tsare shi daga wuta. Ka ba Iya da Inna haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa ƙulhuwallahu kafin ya wuce. Masu yara a unguwarmu kuma, ku sa su su yi da bakinsu.