Faifan da Aka Yanke

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba a rayuwata, shi ne hannun da na sa a kan wata takarda alhali na san ƙarya ce a cikinta.

Lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Garwa ta ƙasar Kamaru, masu su suka kafa kwamitin sauraron ƙorafin jama'a. Su ke biyan komai, shayi da takardu, har man mashin ɗina. Daga shagona na gyaran rediyo aka ɗauko ni in wakilci masu sauraro. Mai gidan rediyo mafi girma, abokina tun ƙuruciya, shi ya kawo sunana, kuma a ofishinsa muke zama. Ban ga aibin haka ba a lokacin.

Wata rana wani manomi daga garin Ngong ya kawo ƙara. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman auduga ta unguwarsu, kuma a tashar abokin nawa mai gabatar da shiri ya kira shi ɓarawon taki, ya ambaci sunansa. Manomin bai nemi ko sisi ba. So yake a wanke shi a rediyon kafin taron ƙungiyarsu. Ni kuwa na ji shirin a shago, ina gwada wata rediyo. Na gaya masa haka a bakin ƙofa, na ce ya kwantar da hankalinsa.

Dokar kwamiti ita ce ba a hukunci sai an saurari faifan shirin, kuma tashar da ake ƙara ita ke kawo shi. Aka kunna. Daga gaisuwa sai kiɗa, kalmar nan babu ita. Na ɗaga kai, abokina ya miƙo mini shayi.

"Malam, kunnen tsufa ne," in ji shi. "Faifai ba ya ƙarya."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sakatare ya rubuta rahoto da Faransanci, ya fassara mini da Fulatanci cewa ƙarar ba ta da tushe. Na tuna wanda ya ɗora ni a kujerar, na sa hannu.

An cire manomin daga shugabanci. Bayan damina ni ma aka ce wa'adina ya ƙare, abokina ko waya bai yi mini ba. Daga baya mai kula da na'urorinsu ya kawo gyara shagona, ya gaya mini maigidansa ne ya sa shi yanke wurin, yana cewa tsohon nan ba zai yi musu ba.

Na hau mota zuwa Ngong neman gafara. Na tarar da manomin yana sussukar masara. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama.

"Baba, ai kai ka ce mini ka ji," abin da ya faɗa ke nan.

Ina roƙon duk wanda aka ɗora a irin kujerar nan, ya fara tambayar wanda ke biyan shayin. In kunnenka ya ji abu, ka faɗa a ɗakin, kada ka bar shi a bakin ƙofa kamar yadda na yi.