Rumbun da Ya Zube Ina Ciki

Shekarun baya, a shekarar da na gama karatu a Sakkwato na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Isa da Bafarawa, na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna sai haushin kaina ya taso mini sabo fil. Na dawo da takarda a jaka, ba aiki, amma kaina cike da buri. Ina da wani littafi mai baƙin bango inda na rubuta abubuwan da zan cim ma kafin shekara ta zagayo. Zan buɗe makaranta, zan sayi mota, zan koyi Faransanci don in riƙa hulɗa da fataken Nijar. Mutumin da ko keke ba shi da shi, jama'a.

A daminar nan ne rumbun gidanmu ya faɗi. Rumbun ƙasa ne, irin wanda mu nan muke kira ruhewa, mahaifina ya gina da hannunsa tun ban san kaina ba, ya rasu ya bar mana. Ruwa ya ci gindinsa a hankali, wata safiya muka tashi muka tarar ya kwanta. Sai kuma Allah ya ba da hatsi a shekarar. Aka yi girbi, aka ɗaure, aka kwaso dammuna aka jibge a tsakar gida bisa itatuwa, ba wurin sa su. Abincinmu na shekara ke nan ni da mahaifiyata, a fili. Awaki na ja ta gefe, kaji na tsattsaga, gara kuma na haƙo hanyarta ta ƙasa. Kowace rana da ta wuce, hatsin raguwa yake yi.

Mahaifiyata ta aika ƙauyen Kurawa aka kira wanta, kawuna, wanda ya yi shekaru yana gina wa mutane ruhewa. Abokina, ɗan kabu-kabu, shi ya ɗauko shi a babur. Kawu ya zagaya tsakar gida da sandarsa, ya dubi dammunan, ya dubi rana, sannan ya ce:

"Kwana ashirin, in Allah ya so. Kullum zagaye guda, a bar shi shi sha rana, gobe a aza wani. Ni bayana ba shi bari in duƙa yanzu, sai dai in zamna in gwada ma wanga, shi yi."

Wanga ɗin ni ne. Na ce, "Kawu, kwana ashirin? Ai gara ta gama da hatsin ga kahin nan. Birni ana aza bene cikin kwana ashirin."

Ya ce, "Wagga ba bene ba ta, ruhewa ta."

Da abin ya tsaya nan, da na haƙura. Amma abokina ya jawo ni zaure ya hura mini kai. "Kai da kay yi boko, tsoho za shi koya maka taɓa laka? Gina wadda ba a taɓa gani ba garin ga, a san ka dawo." Ni kuwa dama jira nake. Na koma ciki na sanar, da murya irin ta mai jawabi, cewa ni kaɗai zan gina, cikin kwana biyar, kuma za ta ninka ta mahaifina girma.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Kawu bai yi gardama ba. Ya ce, "To, madalla. Ran kasuwar Bafarawa za ni biyo in gani." Ya hau babur ya tafi. Mahaifiyata ta ce, "Kai wanga, ka ji maganar manya mana." Na ce mata ta zuba ido kawai.

Ranar farko ta ƙare a jera duwatsu da shimfiɗa itace a kansu, sai dab da la'asar na aza zagaye ɗaya. Rana ta biyu ƙasa ta ƙare mini, na wuni ina jigila da jakin maƙwabci daga kududdufi, ban taɓa ginin ba. Na duba littafina na ga kwana biyu sun tafi, zagaye ɗaya tak. Sai na ce to, sai a rama.

Masu sana'ar nan suna kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, su tattake, su bar ta ta kwana biyu kafin su ɗauka. Ni ina kwaɓawa ina ɗorawa. Rana ta uku na aza zagaye biyar. Rana ta huɗu kafin azahar na ƙara huɗu, ina tsaye a ciki, don mai ginin ruhewa daga ciki yake aiki, bango ya kai mini wuya. Mutane suka fara leƙowa ta katanga, ni kuma ina jin daɗi, har da gyara murya. Mahaifiyata ta zo ta tsaya ta ce, "Cikinta ya kumbura ta gabas." Na ce ai haka na tsara ta.

Ban rufe baki ba na ji bangon ya motsa a ƙarƙashin hannuna. Ba wata ƙara, ba komai, sai kawai ya sulale. Gefen gabas ya zube waje bisa dammunan, sauran ya zubo ciki a kaina. Na tsinci kaina zaune cikin laka har ƙirji, guda a baki, guda a kunne. Maƙwabta suka jawo ni kamar ana ciro jaki daga taɓo. Ban ji ciwo ba sai ɗan gurjewa, amma wallahi na so a ce na suma, ko don kada in ji dariyar. Wanda ya fi kowa dariya kuwa abokina ne, har yana dafa katanga yana cewa, "Ai ni na san ba ta tsayawa." Har yau ban gama yafe masa wannan kalmar ba.

Da aka watse, na goge idona, sai na ga mahaifiyata ta durƙusa a gefen gabas. Tana zaro zangarniyar gero daga cikin laka ɗaya bayan ɗaya, tana wankewa a kwano, tana shimfiɗawa bisa tabarma. Ba ta ko dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Dammuna da dama sun jiƙe, kuma da aka ɗaga na ƙasa aka tarar gara ta yi gida a ciki, cikin kwanakin da na ɓata ina neman suna.

To kun san hali irin nawa. Sai na faɗa ɗaya gefen gaba ɗaya. Na shiga ɗaki na kwanta kwana biyu, na jefa littafin buri ƙarƙashin gado, na yanke wa kaina hukunci cewa ni ba abin da na iya a duniya, karatun ma asara ce. Rana ta biyu mahaifiyata ta ɗaga labule, ranta a ɓace, ta ce in fito in kori awaki. Na ce, "Inna, ki bar ni, ni ba ni iya komi."

Ta ce, "Shekaranjiya kai ka hi kowa garin ga, yau kuma ba ka iya komi. Kai ba ka da tsakiya? Tashi, hatsi na waje."

Ranar kasuwa Kawu ya biyo kamar yadda ya ce. Na shirya jin baƙar magana, amma ko kallona bai yi ba. Ya wuce wurin tarkacen yana tona laka da sanda, har ya isa ga zagayen farko, wanda na aza ranar farko ya samu wuni guda yana shan rana saboda ƙasa ta ƙare mini. Yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa shi, ya ce, "Wa ya aza wanga?"

Na ce, "Ni."

"Kai ɗai?"

"Ni ɗai, Kawu."

Ya ce, "To hannunka ya iya. Kanka na bai iya ba."

Ban san ko yabo ne ko zagi ba, amma tun ranar da na dawo daga Sakkwato ba wanda ya faɗa mini maganar da ta zauna mini kamar wannan. Ya sa na rushe har zagayen nan mai kyau, don faɗinsa ya yi yawa. Ya tambayi mahaifiyata dami nawa suka rage, ya zana da'ira a ƙasa da sandarsa daidai su, ƙarama, har na ji kunya. Na ce ko a ƙara kaɗan saboda baɗi. Ya ce hatsin bana muke gina wa, baɗi tana da nata hannun.

Ya zauna gidanmu, a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, bai taɓa laka ko sau ɗaya ba. Dokarsa guda ce. Kowace safiya in je in danna babban yatsana a zagayen jiya. In ya lotsa, in tafi abina. In bai lotsa ba, in aza guda, guda tak, in wanke hannu.

Kada wani ya ce muku haƙuri abu ne mai daɗi. Aikin bai wuce awa ɗaya ba, sauran wunin kuma in zauna ina kallon laka tana bushewa, gara na cin hatsinmu, Kawu na gyangyaɗi. Sau biyu na faki idonsa zan ƙara zagaye, sai in ji daga ƙarƙashin hular da ya rufe fuska da ita, "Ina ganin ka." Akwai ranar da gari ya yi lumshi, na danna yatsa ya lotsa, ya ce yau ba aiki. Na kusa kuka don takaici. Abin da kawai ya rage mini in yi shi ne in riƙa juya dammunan kullum, ina zuba toka a ƙarƙashinsu.

A cikin zaman banzan nan ne na lura da wani abu. Tsanin tsohuwar ruhewa na jingine a katanga, sai na tuna ta sama ake shiga a ɗebo hatsi. Duk shekarun da nake makaranta, mahaifiyata ce ke hawa tsanin nan da gwiwarta mai ciwo, ta ɗaga jinka, ta leƙa ta zaro. Ban taɓa tunanin haka ba, ni mai shirin sayen mota. A bayan ɗaki kuma akwai wata fasasshiyar randa da bakinta bai yi komai ba. Na ce wa Kawu ina so in gina bakin randar nan a jikin bango, daidai ƙirjinta, a yi masa murfi, ta riƙa zura hannu tana zarowa daga tsaye.

Ya ce, "Ba a yin haka. Ɓera shi shiga, bango shi yi rauni."

Da can da na ce ai ni na yi boko. Wannan karon na ce ya bari in gwada a ƙarami. Na gina wata 'yar ruhewa da ba ta wuce gwiwata ba, da bakin tsohon tulu a jikinta, na ƙara wa wurin kauri, na yi murfi na laka da ke shiga tsam. Ita ma zagaye ɗaya a rana, don tsoho bai yi mata rangwame ba. Da ta bushe ya zo ya hau kanta ya zauna, ya tura murfin da sanda. Can ya ce, "To, sa." Iyakar yabon da na samu ke nan.

Mun gama cikin kwana ashirin da uku. Aka ɗora jinka, aka zuba abin da ya rage. Ba ta kai ta mahaifina ba, kuma ta ɗan karkace ta arewa, kowa ya zo sai ya faɗa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya tafi daidai ba. Hatsin shekarar bai kai mu sabon girbi ba. Wajen ƙarshen damina mahaifiyata ta koma dama kunu tsararo da safe, tana cewa wai tuwo ya fara yi mata nauyi. Na san ba nauyi ba ne. Dammunan da na binne da laka ne, da waɗanda gara ta ci ina jawabi. Ba ta taɓa ɗora mini ba, kuma wannan shi ne abin da har yanzu yake cizona.

Da na waiwaya yanzu, ba burin ne laifina ba. Na so a ga na yi abu babba fiye da yadda na so hatsi ya shiga inuwa. Kuma abin da na ƙirƙira da kaina, wanda ya yi amfani, bai zo mini ba sai da aka tilasta mini zama, aka rage mini aiki ya dawo daidai hannuna. Littafin nan na ciro shi daga ƙarƙashin gado daga baya. Ban yaga ba, na dai koma rubuta abu ɗaya a shafi, wanda zan iya gamawa kafin in buɗe na gaba. Makarantar na buɗe ta, da aji ɗaya a rumfa. Motar har yau tana hanya.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ruhewar na nan a karkacenta, an sha yi mata yaɓe, mahaifiyata na zaro hatsinta daga tsaye, tsanin kuwa tuni aka hura wuta da shi. Amma halin nan nawa bai mutu ba, kwanciya kawai ya yi. Ko watan jiya na je gaishe ta, na zauna ina zuba mata labarin yadda zan ƙara aji shida da ɗakin karatu da rijiya, duk kafin damina. Ta bar ni na gama tsaf, tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sannan ta ce, "Na jiya ya bushe?"