Tagogi Takwas na Hasumiyar Teku

Shekarar 2012 ce. Ba na mantawa, domin Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, guguwar Sandy kuma ta iso Litinin, ko naman layya ba mu gama ci ba.

Lokacin ina zaune a Stapleton, wata unguwar bakin teku a ƙasar Turawa, ina aikin fenti, da yamma kuma ina zuwa ajin koyon karatu na manya. Shekara biyu kafin nan malamarmu ta kawo wata takarda don mu gwada karatu. Na bi ta baƙi bayan baƙi har na gane ana neman masu taimakawa a gyara wata tsohuwar hasumiyar fitila da ke kan duwatsu cikin teku, irin wadda ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Na ba da sunana.

Alhaji mai shagon unguwarmu, mutumin Kumasi, da ya ji sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Malam, kai mutumin Damagaram? Ruwan da ka sani duk na guga ne!"

"Alhaji, tsatsa zan kankare, ba iyo zan yi ba."

"To ka bar wasiyya. Buroshinka ni nake so."

Jagoran aikin wani tsohon Bature ne da ya ƙare rayuwarsa a aikin jirgin ruwa. Duk Asabar yakan kwashe mu a ƙaramin jirginsa. A hanya yake ba mu labari: an gina hasumiyar da ƙarfe fiye da shekara ɗari da suka wuce, mai gadi yana zaune ciki shi kaɗai, kullum ya hau da mai ya kunna fitila. Da na'ura ta zo aka sallami mai gadi, aka bar wurin ga tsuntsaye da gishiri.

Mun cire tagoginta takwas, muka toshe ramukan da katako. A ɗakin sama muke gyaransu, don can ne haske yake. Ni na kankare su, na shafa musu fenti sau uku. Tsoho ya ba ni wani littafi, ya ce in riƙa rubuta kowane ƙarfe da inda aka ciro shi. Ina rubutu a hankali, bai taɓa gaggauta ni ba. Saura kawai mu mayar da tagogin kafin sanyi.

Washegarin Sallah babu wanda ya zo sai ni, kowa yana ɗaure gidansa don an ce guguwa na tafe. Teku ya fara tashi, dole Tsoho ya zauna a jirgi yana riƙe shi kusa da tsanin hasumiyar. Ya ɗaga murya ya ce, "Ka hau ka adana komai inda ba abin da zai taɓa shi."

A garinmu idan hadari ya taso da iska, rufi yake ɗauka. Abin da ke sama saukar da shi ake yi, a rufe, a danne da dutse. Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi. Na sauko da tagogin ɗaya bayan ɗaya ta matattakala mai murɗiya, har kafaɗata ta goge. Na jera su a ɗakin ƙasa tare da akwatin tagulla da muke tara ƙananan ƙarafa a ciki, da littafin, na lulluɓe da tamfol, na danne da sarƙa.

"Komai lafiya?" in ji Tsoho da na dawo jirgi.

"Lafiya lau," na ce. Har cikin raina haka na ɗauka.

Sai bayan mako uku muka samu komawa. Ƙofar ƙasa babu ita. Teku ya shiga ya fita da abin da ya ga dama, ya bar yashi da ciyawar ruwa har gwiwa. Na hau sama ni kaɗai. Ɗakin a bushe yake. Kofin shayin da na manta a kan benci yana nan a tsaye.

Na sauko na faɗa wa Tsoho abin da na yi. Ya ce laifinsa ne da bai ce in bar su a sama ba. Na fi so da ya zage ni.

Bazara ta zo, mutane ba su dawo ba. Wasu gidajensu ne suka tafi, ba su da sauran ƙarfin gyara gidan da ba kowa a ciki. Tsoho ya sayar da jirgi ya koma wurin 'yarsa a wata jiha. Na je bakin ruwa Asabar da yawa ina jira ko wani zai kira. Hasumiyar tana nan, katakon da muka toshe ramukan da shi ya yi baƙi.

Abin da ya salwanta: tagogi takwas, ƙofa ɗaya, akwatin tagulla ɗaya, gwangwanin fenti shida, littafi mai shafi arba'in da na cika da hannuna, da Asabar ɗin shekara biyu.