Irin da Maigida Ya Kawo Daga Nufe

Da maigidana ya dawo Runka daga fataucin Nufe, wani iri ya kawo mini tsaraba, ƙulle a tsumma. Wai mai lambun da ya fara shuka shi, har riga sarkinsu ya ba shi. Na shuka kusa da kuɓewata, kullum ina leƙawa in ga abin da zai haifa. Sai jan fure kawai. Na jefa ganyen a miya, ɗaci kamar maɗaci. Na miƙa wa akuya, ta kau da kai.

Na ce, "Malam, wai me ake ci a jikinsa?"

Ya ce, "Kallonsa ake yi."

Kallo! Na ce gobe zan tuge shi. Yau Malam ya daɗe da rasuwa, ni kuwa a gindin furen nake alwala.